Gani Ya Kori Ji: Tarihin Hoton Cikin Ido da Ciwon Suga, Daga Funsi Zuwa Moshi Zongo

1.0 Gabatarwa

Harshen Hausa bai yi rowar sunaye ga cututtukan ido ba. Akwai yana, wadda ke rufe baƙin ido har a hange ta fari fat. Akwai hakiya, tabon da ke zama a kan ido bayan gyambo ya warke. Akwai dundumi, mai hana mutum gani da zarar magariba ta kawo jiki. Sannan akwai garara, wato makantar da ido yake buɗe tangaram, mai kallo ba ya ganin aibinsa, amma mai shi yana lalube. Sunaye ukun farko sun bayyana abin da aka gani, ko lokacin da wahalar ke zuwa. Na huɗun kuwa suna ne na ɗaurewar kai, domin an ga makanta ba a ga sanadinta ba. Sanadin yana can ƙuryar ido, inda ganin ɗan Adam ba ya kaiwa sai da na'ura.

Daga cikin cututtukan da kan kai mutum ga irin wannan makanta akwai ɓarnar da ciwon suga ke yi wa tantanin gani, wanda likitoci ke kira retina. Wannan muƙala ta bi diddigin yadda aka koyi leƙa wannan tantani da ɗaukar hotonsa, da yadda aka gano cewa abin da hoton ke nunawa da abin da majiyyaci ke ji ba kullum suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. An ɗora bayanin a kan arewacin Ghana, musamman unguwar Moshi Zongo ta birnin Tamale, saboda yanki ne da ya yi galaba a kan tsofaffin cututtukan makanta guda biyu, ga shi kuma yanzu yana fuskantar sabuwa wadda halinta ya sha bamban da nasu.

2.0 Zango da Makantar da Aka Saba da Ita

Zangunan Ghana 'ya'yan fatauci ne. Ayarin Hausawa sun daɗe suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, kuma Salaga ce babbar kasuwarsu har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya tarwatsa fatake zuwa wasu garuruwa. A 1907 Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar mulkinsu ta yankin arewa daga Gambaga zuwa Tamale, sai garin Dagwamba ya soma tara baƙi daga ko'ina. Sunan Moshi Zongo yana nuni ne da Mosawa, mutanen ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, waɗanda suka shahara da gangaro da shanu da tumaki da saƙi zuwa kudu. Kamar yadda yake a sauran zanguna, Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan ciniki da karatun allo, a gefen Dagbani da ke rinjaye a birnin.

Makantar da wannan yanki ya sani a wancan zamani ta ƙauye ce. Ta farko ita ce makantar bakin kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa. Ta addabi ƙauyukan da ke gaɓar Bolta da rassanta har wasu suka watse, aka bar ƙasa mai albarka ba manomi. Mutum-mutumin yaro yana yi wa dattijo jagora da sanda, wanda ke tsaye a harabar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, tunawa ne da wannan annoba. Ta biyu ita ce amosanin ido, mai bin ƙuda da ƙarancin ruwan wanke fuska, wanda ke juya gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar har ta dushe.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an turo wani likitan ido na sojan Ingila mai suna Harold Ridley zuwa Ghana ta yau. Ya yi tattaki har ƙauyen Funsi da ke arewa maso yamma, ya shafe kimanin mako biyu yana duba idanun mutane da fitilar bincike mai aiki da batir. Abin da ya gani a tantanin ganin masu makantar kogi, da fenti ya zana shi, kuma ya buga sakamakon bincikensa a 1945. Har yau likitoci na kiran wannan siffa da sunansa. Shi ne kuma mutumin da ya fara dasa gilashin roba a idon mai yana, a Landan, a 1949. Ke nan ɗaya daga cikin sanannun hotunan cikin ido da suka fara fitowa daga arewacin Ghana zanen hannu ne.

An ci ƙarfin cututtukan biyu. A 1974 aka ƙaddamar da shirin yaƙi da makantar kogi a ƙasashe bakwai na yankin Bolta, ciki har da Ghana, da hedikwata a Wagadugu, ana fesa magani a koguna daga jiragen sama. A 1987 kamfanin Merck ya soma ba da maganin Mectizan kyauta, aka rufe shirin a 2002. A 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Ghana a matsayin ƙasa ta farko a Afirka kudu da Sahara da ta kawar da amosanin ido daga jerin matsalolin lafiyar al'umma. Abin lura shi ne, duka cututtukan biyu suna sanar da zuwansu: ƙaiƙayi, ƙulli a fata, kwantsa, raɗaɗi. Jama'a sun koyi cewa ciwon ido abu ne da ake ji. Wannan darasi, da ya yi amfani a da, shi ne ke yaudarar mai ciwon suga a yau.

3.0 Yadda Aka Fara Leƙa Ƙuryar Ido

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 babu likitan da ke iya duba tantanin ganin mai rai. A 1851 Bajamushe Hermann von Helmholtz ya bayyana wani madubi da ke jefa haske ta ƙofar baƙin ido, ya kuma bai wa mai duba damar kallo ta hanyar da hasken ya bi. Cikin 'yan shekaru Eduard Jaeger na birnin Biyana ya zana ɗige-ɗigen rawaya da na jini da ya gani a idon wani mai ciwon suga. Manyan masana, irin su Albrecht von Graefe, sun yi shakkar cewa sugan ne sanadi. A 1872 Edward Nettleship na Landan ya kawo hujja daga binciken naman ido, a 1876 kuma Wilhelm Manz ya bayyana mataki mafi muni, inda sababbin jijiyoyi da tabo ke fizge tantanin daga mazauninsa.

Zane yana da rauni, domin hannun mai zane da tunaninsa na shiga ciki. A 1886 Jackman da Webster suka buga hoton farko na cikin idon mutum. Sai da majiyyacin ya daskare na minti biyu da rabi, kuma hoton ya fito dishi-dishi. A 1926 kamfanin Zeiss ya fitar da kyamarar da Johan Nordenson na Suwidin ya tsara, wadda asibitoci za su iya saya. Daga nan aka sami abin da madubi ba ya bayarwa, wato shaida mai zama. Ana iya ajiye hoton bana a gwada shi da na baɗi, ana kuma iya aika shi ga wani masani ya yi hukunci ba tare da ya ga majiyyaci ba.

Wani abin mamaki shi ne, ci gaban magani ne ya yawaita cutar. Kafin Banting da Best su gano insulin a Toronto a 1921, yaran da suka kamu da ciwon suga ba su cika yin tsawon ran da ɓarnar za ta kai ga ido ba. Da insulin ya tsawaita kwanansu, sai asibitocin Turai da Amurka suka soma cika da matasan da suka tsira da rai amma suna rasa gani.

4.0 Abin da Suga Ke Yi wa Tantanin Gani

Tantanin gani shimfiɗa ce da ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, wadda ta lulluɓe bangon ido ta ciki. Ita ke karɓar haske ta mayar da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarta akwai ɗan fili da ake kira makula, wanda da shi ake karatu, da zura zare a allura, da ƙirga kuɗi, da gane fuskar mutum. Sauran shimfiɗar kuwa ganin gefe take bayarwa.

Idan suga ya daɗe da yawa a jini, bangon ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da wannan tantani yakan raunana. Da farko sukan yi 'yan ƙulle-ƙulle kamar kan allura, waɗanda Ballantyne da Loewenstein na Gilasgo suka fito da muhimmancinsu a 1943. Daga nan sai yoyon ruwa da kitse da jini. Wasu jijiyoyin kuma sukan toshe ɗungurungum. Sashen da jini ya daina kaiwa yakan fitar da wani sinadari mai suna VEGF don neman agaji, sai sababbin jijiyoyi su tsiro, amma raunana ne, masu saurin fashewa. Ranar da suka fashe, jini ya cika ido, mutumin da ya kwanta yana gani ya wayi gari cikin duhu.

An ƙara fahimtar wannan tsari ne ta hanyar aikin wasu ɗaliban likitanci biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Harold Novotny da David Alvis. Sun zuba wani rini mai suna fuloresin a jijiyar hannu, suka riƙa ɗaukar hoton ido yayin da rinin ke ratsa jijiyoyinsa, kuma Alvis ne aka fara gwadawa a kansa. An buga aikin a 1961. Da wannan dabara ake ganin inda ke yoyo da inda ya toshe, kamar mai bin bututun ruwa yana neman inda ya ɓule.

5.0 Hoto da Gani: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

A nan ne zuciyar al'amarin take. Ɓarnar da ta tsaya a gefen tantani ba ta taɓa karatun mutum ba. Ido na iya cika da sababbin jijiyoyi masu shirin fashewa, amma mai shi ya karanta layin ƙarshe na allon gwajin gani ba gargada. A ɗaya ɓangaren, ɗan kumburi kaɗan a tsakiyar makula ya isa ya hana tela ganin kafar allura. Abin da ke tantance gani shi ne inda ɓarnar ta sauka, fiye da yawanta.

Domin a sami ma'auni ɗaya, masana suka taru a Airlie House da ke jihar Bajiniya a 1968, suka tsara matakan cutar bisa hotuna. Wannan ya buɗe ƙofar gwada magani a kimiyyance. Maganin kuwa yana da nasa labarin. Gerd Meyer-Schwickerath na Jamus ya lura da yadda kallon husufin rana na 1945 ya ƙona tantanin ganin wasu mutane, sai ya yi tunanin a yi ƙunar da gangan a inda ake so. Ya fara da hasken rana da yake tarawa daga rufin asibiti a Hambug, daga baya aka koma fitila mai ƙarfi, sannan hasken leza. A 1976 wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa ƙona gefen tantani da haske yana rage haɗarin mummunar makanta da fiye da rabi. Wani binciken da ya biyo baya, mai majiyyata 3,711, ya nuna a 1985 cewa leza na rage dushewar gani da kumburin makula ke jawowa da kusan rabi. Sai dai leza kare abin da ya saura take yi, ba ta cika dawo da wanda ya tafi ba. Saboda haka darajar hoto tana ga ɗaukarsa tun mutum bai ji komai ba.

A 1991 David Huang da James Fujimoto da abokan aikinsu a cibiyar MIT suka bayyana na'urar OCT, wadda ke amfani da haske ta nuna tantanin gani a tsage, hawa-hawa, kamar an yanka gurasa ana duban cikinta. Da ita aka iya auna kaurin makula da ma'aunin ɗaya bisa dubun milimita. An zaci wannan adadi zai zama madadin gwajin gani. A 2007 wata ƙungiyar asibitocin Amurka mai binciken wannan cuta ta gwada, ta tarar dangantakar tsaka-tsaki ce. Idanu biyu masu kauri ɗaya na iya bambanta ƙwarai wajen gani, har ma akan sami idon da kumburinsa ya sauka amma ganinsa ya ƙara raguwa. A 2014 Jennifer Sun da abokan aikinta na cibiyar Joslin da ke Boston suka nuna cewa hargitsewar hawa-hawan cikin tantanin ta fi kaurinsa faɗin makomar gani. Ma'ana, ruwa na iya janyewa, amma idan ƙwayoyin da ke ɗaukar saƙo sun riga sun lalace, gani ba zai komo yadda yake ba.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A Hausa kuwa kalmar ji ta haɗa da na kunne da na jiki. Mai ciwon sugan da ya ce ba ya jin komai a idonsa gaskiya ya faɗa, sai dai shaidar tasa ba ta isa a yanke hukunci da ita ba.

6.0 Ciwon Suga Ya Shigo Gari

A 1958 likita Silas Dodu ya duba mutum 4,000 a Accra, ya sami ciwon suga ga kashi 0.4 cikin ɗari kacal. A 2002 Albert Amoah da abokan aikinsa suka buga binciken da ya sami kashi 6.3 cikin ɗari a tsakanin manyan yankin Accra. Hanyoyin binciken biyu sun bambanta, amma alƙiblar a fili take. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta ce manya miliyan 24 ne ke da cutar a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su sani ba, kuma ana hasashen za su kai miliyan 55 nan da 2045. Nazarin da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2012 ya nuna kusan ɗaya cikin masu ciwon suga uku na da ɓarna a tantanin gani, ɗaya cikin goma kuma tasa ta kai matakin barazana.

Rayuwar unguwa irin Moshi Zongo ta sauya kamar ta sauran birane. Jikokin fataken da ke taka sayyada daga Wagadugu zuwa Salaga yanzu a kan babur suke zuwa kasuwar Aboabo. Yini ake yi a zaune a shago ko a kan keken ɗinki. Koko da shayi sai da suga, lemon kwalba ya shiga bukin suna da na aure, ƙiba kuma har yanzu wasu na ɗaukarta alamar hutu. Nau'in ciwon sugan da ke kama manya yakan yi shekaru a ɓoye. Babban binciken da aka yi a Birtaniya ya tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na irin waɗannan majiyyata sun riga sun sami ɓarna a ido tun ranar da aka fara gaya musu suna da cutar. Inda gano cutar ke jinkiri, ɓarnar takan riga likita isowa.

Ta fuskar asibiti, Tamale ba ta rasa tushe ba. An buɗe babban asibitinta a 1974, wanda daga baya ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a 1992. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2003 ta sauƙaƙa wa talaka zuwa asibiti. Amma likitocin ido sun taru ne a Accra da Kumasi. An yi shekaru Dakta Seth Wanye ne kaɗai ƙwararren likitan ido a Jihar Arewa mai mutum kusan miliyan biyu, kuma dole yana da makamantanta su cinye mafi yawan lokacin duk likitan da ke irin wannan matsayi.

7.0 Daga Hoto Zuwa Magani

Inda likita ya yi ƙaranci ne hoto ya fi amfani, domin ɗaukarsa ba ya buƙatar likita. Ingila ta soma shirin ɗaukar hoton idon masu ciwon suga na ƙasa baki ɗaya a 2003, horarrun ma'aikata ke ɗauka suna tantancewa, sai wanda aka ga haɗari a nasa ake tura wa likita. A 2014 aka ba da rahoton cewa, karon farko cikin shekara hamsin, ciwon suga ya sauka daga matsayin babban sanadin makanta a tsakanin masu shekarun aiki a Ingila da Wales.

Na'urorin ma sun ƙanƙance. Akwai kyamarorin hannu, akwai waɗanda ake maƙalawa a wayar salula. A 2016 masu bincike na Google suka horar da kwamfuta da hotuna sama da 128,000 har ta iya gane cutar daidai da ƙwararru, a 2018 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'ura ta farko mai yanke hukunci da kanta. Gwajin da aka yi a Ruwanda tare da ƙungiyar Orbis ya nuna cewa majiyyatan da aka ba sakamako nan take sun fi zuwa ganin likita a kan waɗanda aka sa su jira. Abin da ya gagari Ridley a Funsi, yau ma'aikaciyar jinya na iya yinsa a ɗakin shan magani na unguwa cikin 'yan mintoci.

Duk da haka hoto ba magani ba ne. Idan ya nuna haɗari, sai da leza, ko allurar da ke daƙile sinadarin VEGF wadda ake maimaitawa wata bayan wata, ko tiyata. Waɗannan na buƙatar kuɗi da ƙwararru, wani lokaci da doguwar tafiya zuwa kudu. Shirin da ya tsaya ga ɗaukar hoto bai tanadi hanyar magani ba ya sanar da mutum makantarsa ne kawai. Mafi arha daga cikin matakan shi ne na farko: binciken da aka kammala a Amurka a 1993 ya nuna cewa tsananta kula da sugan jini ya rage ɓullar ɓarnar ido da kashi 76 cikin ɗari ga masu nau'in da ke kama yara da matasa, na Birtaniya na 1998 kuma ya tabbatar da amfanin saukar da suga da hawan jini ga manya.

8.0 Kammalawa

An yi galaba a kan makantar kogi da jirgin sama da ƙwayar magani, an kori amosanin ido da rijiyoyi da sabulu da 'yar tiyata. Ɓarnar ciwon suga ba ta da ƙudan da za a fesa wa magani, kuma ba ta aiko da ƙaiƙayi. Shawarar likitoci a kanta ba ta da sarƙaƙiya. Babban da aka gaya wa yana da ciwon suga ya nemi a duba cikin idonsa tun a lokacin. Yaro ko matashi mai nau'in farko a duba shi cikin shekara biyar da kamuwa. Daga nan a riƙa maimaitawa kowace shekara, mai juna biyu kuma a duba ta tun farkon ciki. Gwajin karanta haruffa a allo ko sayen tabarau bai wadatar ba, sai an ɗiga maganin buɗe baƙin ido an leƙa, ko an ɗauki hoto.

Limaman zango da sarakunansa da ƙungiyoyin mata, waɗanda suka saba isar da saƙon rigakafi gida-gida, su ne suka fi cancantar isar da wannan ma. Saƙon shi ne mai ciwon suga ya je a duba masa ido a ranar da yake ganin komai tar, domin a ranar ce likita ke da abin da zai iya karewa.